Jikka guda ta cinye mini jikka 17, kuma bayan ɗinkin sai karkacewa yake

Rakiya_Yantala:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na zo da matsala, na kuma san wasu za su yi dariya, to bisimilla. Wata uku ke nan da na ɗora wa kaina ɗinka jikkar rataya ta fata, da hannu, ba da keke ba. Ba don sayarwa ba ne, ina da aikina na buro. Wata tsohuwar jikkar kakata na gani a ƙasan akwatin Inna, ja da baƙi, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ni kuwa sak ɗin da nake saye ba ya ganin salla biyu sai ya fara ɓarewa kamar albasa. Shi ne na ce bari in gwada.

Na je Gamkalle nan Yamai wajen majema na sayo fatun akuya biyu jemammu, na bi ta kasuwar Katako na sayi basilla da allurai da zare, na fitar da fasali a kwali, na yanka, na zauna. Fuskar ɗinkin ba laifi. Amma in na juya bayansa, kamar sawun kaza a kan rairayi, nan ya hau nan ya gangara. Na biyu, inda na haɗa maratayi da jikin jikkar, hujin ya fara yagewa tun ban zuba komai a ciki ba. Jiya na yi lissafi, jikka 17 na kashe, wato sefa dubu 17. Jikka guda ta ci jikka 17 kuma har yau ba ta ratayu ba. Laifin basilla ne, ko na zare, ko na hannuna?

Ibro_Katako:
Wa alaikumus salam. Hajiya, da kin kawo mini jikka 17 ɗin nan, da na ba ki sak uku har da kuɗin taksi na komawa Yantala. Me ya yi zafi?

Rakiya_Yantala:
Malam Ibro, irin sak ɗinku ne ya kore ni ai.

Baduku_Tawa:
Ɗiyata, an bar jaki ana bugun taiki. Basilla ba ta da laihi. Ni nan Tawa na buɗe ido cikin wanga aiki, gun tsohona na koye shi, shi ma gun nashi. Abin da ka sa bayan ɗunki karkacewa shi na: daga bisa kina ganin inda kinka aza bakin basilla, daga ƙasa ba ki ganin inda ta hita. In hannunki ya kwanta ko da kamar ƙwarar gero, can ƙasa hujin ya bar layi. Ki nemi katako mai taushi ki shimhiɗa hwatar bisa, ki tsai da basilla cak, gwiwar hannunki ta zauna wuri guda. Ki huje layin duka kahin ki taɓa allura. Kada ki huda ɗaya ki ɗunke ɗaya, wanga sai wanda hannunshi ya tsuhwa ga aikin. Kuma in basilla ta dakushe za ki riƙa murɗa ta da ƙarhi, murɗawar nan ita ka ɓata huji. Ki wasa ta hal ta shiga ba da kokowa ba.

Rakiya_Yantala:
Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Wallahi kamar kana zaune kusa da ni. A cinyata nake riƙe fatar ina hudawa a iska, har na soki yatsana sau biyu.

Hadiza_Lyon:
Ƴar'uwa Rakiya, ni ma abin da nake yi ke nan da dare in yara sun kwanta, shekara ta huɗu yanzu. Abin da Baba ya faɗa shi ne tushe. Zan ƙara abu ɗaya da ya wahalar da ni wata da watanni kafin in gane. In kina ɗinkin allura biyu, wato zare guda da allura a kowane bakinsa, dole ki riƙe tsari guda daga farko har ƙarshe. In allurar dama ce ke fara shiga, to ita za ta fara shiga a kowane huji. In ta biyun tana bi ta saman zaren farko, ta ci gaba da bi ta sama. Ranar da kika sauya sau ɗaya, wurin zai fito a baya kamar haƙorin da ya goce. Ƙarfin ja ma haka, kada ki ja wani da fushi ki ja wani da lallashi.

Tazarar huji kuma, ni da cokali mai yatsu na fara. Ki danna shi a kan layin ya bar alama, ki sa yatsan farko a alamar ƙarshe ki sake dannawa. Milimita 3 zuwa 4 tsakanin huji da huji ya isa, haka ma tsakanin layin da bakin fata. Zare ki auna tsawon wurin da za ki ɗinka sau huɗu, ki goga masa kakin zuma sosai don kada ya riƙa ƙullewa yana tsefewa. In kin kai ƙarshe kada ki ƙulla, ki koma baya huji biyu ko uku ki yanke. A nan Faransa ɗinkin masu sirdi suke ce masa. Kamfanin Hermès da ake sayen jikkarsa da kuɗin gida, da kayan doki ya fara a Paris a 1837, kuma har yanzu da irin wannan ɗinkin yake tinƙaho.

Baduku_Tawa:
Hajiya ta Hwaransa, ki gaida masu sirdin. Mu ma sirdi da linzami da kube munka tashi muna yi, ba mu dai san ana kiran shi da wani suna ba. Batun cokali kuwa ya ba ni dariya, amma dabara ta. Mu ido munka saba da shi. Wani aikin ma ba mu sa mishi zare, hwata muka yankewa siririya mu ɗunka da ita.

Tela_Bukoki:
Ku yi mini haƙuri, ni ban ga abin wahalar da kai ba. Ina da keken da ke cin fata, abin da Hajiya ta yi wata uku tana fama da shi, kafin shayi ya yi ɗaci na biyu na gama, layi kamar an ja da rula gaba da baya. Ɗinkin hannu fa don babu keke ne kakanninmu suka yi shi. Yanzu mutum ya bar mota ya ce shi raƙumi zai hau zuwa Agadas?

Hadiza_Lyon:
Malam tela, kai ka fi ni sanin cikin keke. Zare biyu ne, na sama da na ƙasa, suna sarƙe juna a tsakiyar fata, babu wanda ke ƙetarewa ɗaya gefen. In ɗaya ya tsinke ka ja, sai layin ya bi ka. A ɗinkin allura biyu kowane bakin zare yana fita gaba ya dawo baya, in ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe da wurin. Shi ya sa jikkar kakar Rakiya take nan.

Tela_Bukoki:
Na yarda da wannan a maratayi da wurin da ke ɗaukar nauyi. Amma shafin ciki da aljihu da zif? Hajiya, wannan son wahala ne kawai. Kuma jikkar kaka tana nan ne don a akwati take kwance, ba ta shiga taksin Yamai kullum.

ƊanGamkalle:
Kun tsaya kan ɗinki kun bar tambayarta ta biyu. Malama Rakiya, daga wane gefen fatar kika yanki maratayin?

Rakiya_Yantala:
Daga baki-baki, wajen ciki. Na ga tsakiyar ta fi kyau, na ce kada in ɓata ta a kan igiya.

ƊanGamkalle:
To ga ɓarawon nan. Fatar ciki da ta hammata ita ce mafi rauni a jikin dabba, sakwaf take, tana miƙewa kamar danƙo. Ƙarfin fata yana gadon baya, daga wuya zuwa gindin wutsiya. Maratayi daga nan ake fitar da shi, a bi tsawon baya, ba a gicciye ba. Kuma fatar akuya ba ta da kauri, da wuya ta wuce milimita ɗaya da ɗan wani abu, ita kaɗai ba ta ɗaukar jikkar mace, mun san abin da kuke zubawa ciki. Ko ki ninka ta biyu ki sa wani abu mai ƙarfi a tsakiya, ko ki nemi kirgi na saniya ki yi maratayin da shi.

Sai yadda kika ɗinka. In kika jera huji kusa da kusa a gicciyen maratayi, kin yi masa irin layin nan na takardar rasit da ake yagewa. Ɗinkin ya bi tsawon maratayin, layi biyu, ki kuma sa ɗan ƙyallen fata ta ciki ya raba nauyin. Wane irin zare ne ma?

Rakiya_Yantala:
Na roba ne siriri, irin na masu gyaran takalmi.

ƊanGamkalle:
Siririn zaren roba in an ja shi da ƙarfi yanka fata yake, kamar yadda mata ke yanka dafaffen ƙwai da zare. Ki nemi mai ɗan kauri.

Maman_Nana:
Tunda ga mutumin majema ya shigo, ni ina da ƙorafi. Ina son kayanmu na gida, Allah ya sani. Amma jikkar da na saya bara, da damina ta sauka sai ɗakina ya koma kamar turken awaki. Na shanya, na turara, na sa ta cikin buhu da gawayi, a banza. Ranar wani suna kuma na rataya ta a kan farar shadda, na dawo gida da jan tambari daga kafaɗa har ƙugu. Shaddar nan ko sau biyu ban sa ta ba. Tun daga ranar na koma wa sak ɗin su Ibro, in ya mutu in jefar, aƙalla ba ya ɓata mini tufafi.

Ibro_Katako:
Allah ya yi miki albarka Maman Nana. A rubuta wannan a manna a ƙofar rumfata.

ƊanGamkalle:
Maman Nana, ba zan kare wanda ya sayar miki ba, amma bari in faɗi inda warin ke fitowa. Jima aiki ne mai hawa-hawa. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a sa ta cikin ruwan toka ko farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare gashin, a juya a kankare sauran nama da kitse. Daga nan a sa ta cikin abin da zai kashe kaifin tokar ya sassauta ta, wasu kashin kaji ko na tantabara, wasu ganyen fataka. A wanke. Sannan a daka ƴaƴan bagaruwa a jiƙa, fatar ta kwana a ciki ana juyawa ana murzawa ana sabunta ruwan, har bagaruwar ta ratsa ta. A ƙarshe a shafa mai, a shanya a inuwa, a ja ta ta yi laushi. Duk matakin da aka yi wa gaggawa zai rama daga baya. In kitse ya saura, ko wankin bai fita ba, ko bagaruwa ba ta kai tsakiya ba, da rani ba za ki ji komai ba, iska ta bushe. Ranar da laima ta shigo sai asiri ya tonu.

Mai saye yana iya ganewa. Ki ce a ɗan yanka bakin fatar wajen wuya, inda ta fi kauri. In launin bagaruwa ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jemu. In kin ga fari-fari a tsakiya kamar ɗanyen tuwo, ki ajiye musu abarsu. Ki ɗaga ta a rana kuma ki duba ta baya, don yawancin fatun layya masu fiɗa sun sassare su da wuƙa, wurin ya yi siriri, sai kin gama ɗinki ya ɓule. Mutane suna ta nama, ba mai tunawa da gishirin fata sai ta fara wari.

Baduku_Tawa:
Gaskiya ta yaro ya hwaɗi. Batun ja da ka zuba kuwa, jan karan dahi da anka yi da kanwa yadda ya kamata, anka goge shi da tsumma hal tsumman ya bar ɗaukar launi, ba shi yi miki haka. Yanzu garin kanti suka kwaɓawa su shahwa, ya bushe bisa-bisa, su kai kasuwa. Kahin ki saya ki jiƙa bakin mayahinki ki goga inda ba a gani. Mai kaya in ya hana ki, kin samu amsa.

Rakiya_Yantala:
Wannan ya tuna mini. Akwai wasu baƙaƙen tabo guda huɗu da suka fito a bakin jikkar, daidai inda na matse ta da abin matse takardu na buro na bar ta ta kwana. Na ɗan jiƙa wurin kafin in matse. Na goge da sabulu, ko gezau. Hunhuna ce?

Baduku_Tawa:
Ba hunhuna ba ta, rini kinka yi ba ki sani ba. Ƙarhe in ya gamu da ruwa bisa hwatar bagaruwa, baƙi shika haihwa. Da haka muka yin kuloko, baƙin dukawa: kashin maƙera ko tsohon ƙarhe muka jiƙawa da abu mai tsami shi kwana biyu, in munka shahwa ga hwata nan take ta koma baƙa. Ba shi hita. Ko ki rina bakin duka shi zam ado, ko ki naɗe shi da wata hwata. Gaba ki matse da abin shanya na icce ko na roba.

Ɗan_Maradi:
Duk wannan dogon zance, ba wanda ya tambayi wace akuya ce. In ba jar akuyar Maradi ba ce, Hajiya, kin yi asarar basilla. Fatarta ƙwayar fuskarta ƙanana ce, matsattsiya, ga laushi ga ƙarfi. Ba banza ba gwamnati ta kafa mata cibiyar kiwo a Maradi tun shekarun 1960, ana rarraba bunsuranta zuwa wasu jihohi.

Basakkwace_a_Yamai:
Jar akuyar wa? A duk inda aka san fata, jar akuyar Sakkwato ake ce mata. Ku dai kun samu iri wajenmu.

Malam_Lakkwal:
Ku kwantar da hankali, akuyar ba ta san da iyaka ba, iri ɗaya ne ake kira da suna biyu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, ɗaruruwan shekaru ayari na ɗaukar jemammun fatun ƙasar Hausa, ja da rawaya, su ƙetare sahara zuwa Arewacin Afirka. Daga tashoshin can Turawa ke sayensu, sai suka laƙaba musu sunan fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita. Akuya tamu, bagaruwa tamu, karan dafi namu, suna na wani. Ku kuna nan kuna faɗa tsakanin Maradi da Sakkwato.

Hamsa_Harobanda:
Bagobiri da akuya ai sai Allah. Ku bar shi ya yi kirarinta, ita ce dukiyar da ya gada.

Ɗan_Maradi:
Ji Bazabarma. Ke da kika san fata a cikin miya kawai? Bari in yi shiru kada in kori baiwata daga zaure.

Rakiya_Yantala:
Taubasai, a kai wasan waje, jikkata na kwance. Amma tunda an ambaci gado, akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Gwaggona ta zo ta same ni a tsakar gida da fata a cinya, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Yanzu duk karatun da aka yi miki, dukanci za ki ɗauko mana? A gidan nan wa kika ga yana wannan?" Ta ce in mutane suka gani za su ce wani abu game da asalinmu. Tun ranar a ɗaki nake yi, kamar mai satar nama. Baba, ka gafarce ni, ba don in ɓata maka rai na kawo ba.

Baduku_Tawa:
Ba ki ɓata mani rai ba ɗiyata, mun ji wanda ya hi wanga. Wanda ba shi ba ka ɗiyatai aure, shi na ka zowa da sahe ka ɗunke mishi laya, ka yi ma wuƙatai kube, ranar salla kuma dokinshi da kayanmu shika taƙama. Ni ban jin kunyar basilla. Da ita anka biya mani makaranta, da ita na kai tsohuwata Makka. Amma kada ki yi gardama da gwaggonki, haka ta taras.

Tinna_Abalak:
Abin mamaki, a wajenmu Buzaye aikin fata na mata ne. Namiji na ƙira, azurfa da takobi da sirdin raƙumi, matarsa na fata: jikkunan raƙumi masu tuntaye, matasan kai, alabe mai kore da ja. Namiji ya zauna yana ɗinka jikka, dariya za a yi masa. Amma kada in yi muku ƙarya, mu ma na gidajen maƙera ne, wata ba za ta taɓa ba ko da tana so. Kowa da irin gwaggonsa. Rakiya, in an buɗe SAFEM, bajekolin sana'ar hannu ta mata, ki zo ƙauyen masu sana'a na Wadata ki ga matan da ke zuwa da kaya daga Abalak da Cintabaraden da Agadas, ki zauna kusa da ɗaya ki kalli yatsunta. Awa guda a nan ta fi wata guda a waya.

Malam_Lakkwal:
Malama Rakiya, in da hali ki gaya wa gwaggo cikin ladabi cewa Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, matar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana jima da hannunta, tana ɗinkin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Malaman tarihi sun kawo wannan a bayanin yawan kyautarta. Ban ce ki je da wa'azi ba, tsofaffi ba sa son yaro ya karanta musu. Ki bari wata rana zance ya kawo kansa.

Hamsa_Harobanda:
Ni a ganina ba asali ne ke damun gwaggo ba, tsoro take kada a ce albashi bai isa ba har an koma sana'a. Da Rakiya ta ce mata a intanet ta gani Turawa na yi, da tuni ta kira maƙwabta su zo kallo.

Ibro_Katako:
Bari in bar wasa in faɗi wata gaskiya. Hajiya na yi don nishaɗi, ta kashe jikka 17 ba ta ji ba. Amma je ki rumfunan masu sana'a a gidan tarihi na Bubu Hama ko ƙauyen Wadata, ki ga baduku ya kwana huɗu kan jikka guda, ya ce jikka 15, ƴar'uwarku ta ce "jikka biyar in ka yarda". Ita ce kuma za ta zo wajena ta biya 12 a kan simili, fatar roba, ba ta ce uffan ba, don an manna masa wani ƙarfe mai walƙiya. Da Turawan yawon buɗe ido ke sayen nasu, yanzu ƙafarsu ta ɗauke. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ake nema nake kawowa. Ranar da kuka fara neman na fata, shi zan jera.

Baduku_Tawa:
Ibro yau ka yi magana. Ga tsadar hwata kuma. Kirgi shina wuya yanzu, don hwatar shanu tun tana ɗanya anka kwashe ta a yi kudu da ita, can ganda suka yi da ita su ci. Mai jima ba shi iya biyan abin da mai tukunya ka biya. Yarana ukku, guda ɗai ya zauna gun aikin, shi ma takalma balka ya hi so, don su ka hita da wuri.

Maman_Nana:
Wallahi na ji kunya kaɗan, don ni ce mai cewa jikka biyar ɗin. Amma shaddata fa har yanzu ban huce ba.

Rakiya_Yantala:
Ni kam na daina taya kayan baduku. Na ƙirga, gefe ɗaya kawai ya ci mini dare shida.

Ga inda aka kwana. Na samo katako a wajen wani kafinta, na wasa basilla, na gwada a kan ragowar fata kamar yadda Baba da Yaya Hadiza suka ce. Bayan ya miƙe! Ba kamar na keken Malam tela ba, amma mutum zai iya kallonsa ba ya runtse ido. Na warware maratayin na jefar. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Da na zo haɗa fuskar jikkar da doguwar fatar da ke zagaye gefe da gindi, na fara daga sama ta dama, na zagayo, da na iso sama ta hagu sai na tarar fatar gefen ta yi saura da kusan yatsa biyu. Jikkar ta murɗe kamar bakin mai shanyewar ɓarin jiki. Da rula na auna su fa, daidai suke.

Hadiza_Lyon:
Kin ja ta gefen tana miƙewa ba ki sani ba, ko kuma yawan hujin bai zo ɗaya ba. Ki ƙirga na fuska ki ƙirga na gefe, dole su yi daidai ko da guda ɗaya. Kuma kada ki fara daga sama. Ki sa alama a tsakiyar gindi a duka biyun, ki fara daga nan ki hau dama, ki dawo tsakiya ki hau hagu. Ni nakan fere bakin fatar ta baya da aska ya yi siriri don kwana ta lanƙwasu, in shafa kol, wato gam, kaɗan in manne su kafin in ɗinka, sai ba abin da ke motsi.

Baduku_Tawa:
Tsakiya da ƙirga, na yarda. Kol ban yarda ba. Ranar da zare ya ci, jikkar da ba a manne ba sai a warware a sake ɗunki, ta koma sabuwa. Wadda anka manne, in ka ɓamɓare sai ta taho da naman hwata. Ki ɗaure ta da zare wuri biyat ko shidda, awa yadda tela ka kahwa riga, in kin iso ki kwance.

Hadiza_Lyon:
Baba, siririn layi ne kawai a bakin, bai kai faɗin tsinken ashana ba. Kuma yana sa bakin ya haɗe, in an goge shi da ruwan ƙaro da icce mai santsi ya yi ƙyalli kamar fata guda.

Baduku_Tawa:
Ƙaro na sani, shi namu na. Na gwangwani na ba ni so.

Tela_Bukoki:
Kun gani? Mutum biyu da suka iya ma sun kasa shiryawa. Hajiya, tayina na nan, Bukoki ba nisa.

Rakiya_Yantala:
Malam tela, in na kai wata shida ban gama ba zan zo, amma da dare, kada Baba ya ji. Na ƙirga yanzu da fitilar waya, wuta ta ɗauke: fuska huji 142, gefe 149. Ashe tun wajen cokali na yi ɓarna, na riƙa buɗe tazara a kwanar fuskar. To yanzu in sake huda fuskar in ƙara bakwai, ko in yanko sabuwar fatar gefe? Saura fata ɗaya gare ni, kuma gadon bayanta nake so in ajiye wa maratayi.

ƊanGamkalle:
Kada ki ƙara huji a tsakanin huji, takardar rasit za ki sake yi. Yanko sabon gefe. Gadon bayan akuya yana ba da gefe da maratayi in kin yi tsimi.

Baduku_Tawa:
Ki yanki gehen daga gadon bayan, kada ki yi tsimi. Maratayi ki bar mani. Ina da guntun kirgi da ya kwan biyu, jimar bagaruwa ta ƙwarai, zan here shi in ba yaron mota shi kawo Yamai ran Lahadi in Allah ya kai mu. Ki auna daga kahwaɗarki zuwa inda kika son jikkar ta tsaya, ki ninka biyu, ki ƙara taƙi guda, ki turo mani ta saƙo. Da igiya za ki auna, bisa tuhwahin da kika hita da su.